Da Dattawan Dundee a Glen Esk, Muna Tarbar Baƙin Sahel

A Sikotlan, da zarar watan Afrilu ya raba tsakiya, akwai wasu mutane da barci ke ƙaurace wa idanunsu. Yawancinsu dattawa ne da suka ajiye aiki: tsofaffin malaman makaranta, nas-nas, injiniyoyi, ma'aikatan gidan waya. Ba su da gona a kan tudu, ba su da ko tunkiya ɗaya, amma hankalinsu kullum yana can, suna tambayar juna wane tsuntsu ya iso, wane ne har yanzu shiru. Hannun irinsu na faɗa a Dundee, ta dalilin wata dattijuwa maƙwabciyata da ta lura ina yawan tsayawa kallon tsuntsayen da ke cin tsaba a lambunta. Da ta ji cewa ni mutumin ƙasar Haɗeja ne, sai ta tafa hannu ta ce, "Ɗana, ai kai ya kamata ka zo ka ga inda naku suke zuwa." Ƙungiyarsu za ta kwarin Glen Esk ranar Asabar ta farkon Mayu, kuma akwai gurbi a motarta.

Sharaɗin shi ne tashi ƙarfe uku da rabi na dare. A wannan lokaci na shekara daren ƙasar gajere ne, rana na fitowa biyar da 'yan mintuna, ba ta faɗuwa sai wajen tara. Na yi sallar asuba sanye da riga a kan riga, na zuba shayi a fulas, na fito na tarar da ita har ta tayar da mota. Sunanta kawai take so in riƙa kira, yadda suke yi a nan, ni kuwa bakina ya ƙi. Sa'ar kakata ce. Iya nake ce mata, ta kuma saba.

Muka hau babban titin A90 muka yi arewa, muka wuce Forfar tana barci, muka ratse kusa da Brechin zuwa ƙauyen Edzell, inda mota ke bi ta ƙarƙashin wata tsohuwar ƙofar dutse kafin ta shiga gari. Da an bar Edzell kaɗan ƙasa take sauya fuska. Gonakin dankali da sha'ir su ƙare, tuddai su miƙe. Nan ne babbar tsagar dutsen ƙarƙashin ƙasa ta ratsa, wadda ta raba Sikotlan gida biyu, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a kudu, ƙasar tuddai a arewa. Glen Esk ɗaya ne daga kwaruruka na yankin Angus da suka kutsa cikin tuddan, shi ne mafi tsawo, shi ne kuma na can gabas, kogin North Esk na gudu a tsakiyarsa. Titinsa siriri ne kuma ba ya ɓullewa ko'ina. Idan ka kai ƙarshensa, ko ka juyo ko ka sa ƙafa.

Ba mu kai ƙarshen ba jagoran tafiyar, wani dogon dattijo mai farin gemu da ke motar gaba, ya kashe fitila ya gangara gefen titi. Sauran motocin suka bi sahu. Tun a hanya Iya ta ja mini kunne: ba a fita daga mota, ba a buga ƙofa, ba a magana sai da raɗa. Muka sauke gilashi, sanyi ya shigo ya kama mini kunnuwa. Da farko ba abin da nake gani sai hazo kwance a kan wata makiyaya. Kunne ne ya fara samu: wani gurguri mai taushi da ba ya yankewa, yana tashi yana sauka, jefi-jefi wani huci mai kaifi ya ratsa shi. Da gari ya ƙara washewa sai ga masu shi, baƙaƙe wuluk a kan ciyawa mai raɓa.

Zakarun baƙar garaus ne, dangin fakara da zabo na nesa. Kowane ya kai zakaran gida matsakaici. Jikinsa baƙi mai sheƙin shuɗi, da jan nama a saman kowane ido, jelarsa ta rabu biyu ta lanƙwasa waje, idan ya baza ta sai farin gashin ƙarƙashi ya bayyana fat. Kowane zakara na da ɗan filinsa da yake tsaro. Biyu su fuskanci juna, su kumbura wuya, su saukar da fiffike har ƙasa, wannan ya zaburo, wancan ya ja baya, sa'an nan wancan ya zaburo. Yawanci burga ce, amma sau da dama muka ga an haɗa ƙirji har gashi ya tashi. Can sai ga wata mace, launin ƙasa, ba ado ba komai, ta sauka a gefen fagen. Nan take wurin ya rikice, kowa na tsalle yana huci. Ita kuwa ta ratsa tsakaninsu a hankali tana tsattsagar ciyawa, ko kallo ba su ishe ta ba. Iya ta raɗa mini cewa zakarun da suka riƙe tsakiyar fage su ne ke samun yawancin matan, kuma daga nan aikin namiji ya ƙare: ba ruwansa da sheƙa, ba ruwansa da 'yan tsaki. Ta faɗi haka tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce ta san maza irinsu a Dundee.

Fagen nan ba na bana ba ne. Shekara da shekaru wuri ɗaya suke taruwa, shi ya sa ake tsananta dokar kallo daga nesa, don idan aka yawaita korarsu za su watse. Zakarun da suka rage a duk Birtaniya ba su wuce kimanin 5,000 ba, mafi yawansu a Sikotlan. Jagoran ya ƙirga na gabanmu har sau biyu, ya rubuta a wani ɗan littafi da ke aljihun ƙirjinsa. Wannan ɗan littafi zan yi ta ganinsa har yamma.

Rana na ɗagowa makiyayun gindin tudu suka cika da hayaniya. Lokacin haihuwar tumaki ne, 'ya'yan ko'ina suna bin iyaye. A tsakaninsu ga lafwin, ɗan'uwan zakaran ƙeƙuwarmu na jini, da dogon zankonsa, yana tashi sama ya juya ya faɗo, ka rantse harbinsa aka yi, sai ya kusa ƙasa ya farfaɗo. Ga wani baƙi da fari mai dogon jan baki, wanda asalinsa na bakin teku ne amma a nan yake biyo koguna ya yi ƙwai a gona. Daga sama kuma wani sauti mai karkarwa na saukowa, na yi ta neman bakin da ke yin sa. Ashe ba baki ba ne. Wani ɗan tsuntsun fadama ne da suke kira sinaif, yana sulmiyowa daga sama da gashin gefen jelarsa a buɗe, iska na kaɗa su.

Wanda ya sa dattawan suka yi tsit shi ne kalyu. Babba ne, launin ƙasa, dogayen ƙafafu, da baki dogo mai lanƙwasa ƙasa. Kukansa na farawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta sauri yana hawa har ya zama wata doguwar karkarwa da ke cika kwarin, shi kuwa yana saukowa da fiffike a miƙe. Iya ta ce tana yarinya babu gonar da ba a jin wannan kuka. Daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau kusan rabinsu sun tafi, a 2015 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da suka fi shiga haɗari a Birtaniya, ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kalyun duniya ke hayayyafa a cikinta. A ƙasa yake ƙwai, guda huɗu, a kwanta musu kusan wata guda, 'yan tsakin kuma su yi fiye da wata kafin su iya tashi. Cikin wannan tsawon lokaci injin yankan ciyawa na iya bi ta kansu, ko yanyawa, ko hankaka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin jagoran: kalyu na da tsawon rai, yana iya haura shekara 20. Don haka mutum zai yi ta ganin tsofaffin suna dawowa gona ɗaya kowace shekara, ya ɗauka lafiya lau, alhali ba ɗan da ke tashi a bayansu. Ranar da tsofaffin suka ƙare, gonar ta yi shiru gaba ɗaya.

A Invermark titi ya ƙare. Muka ajiye motoci, kowa ya buɗe fulas. Na zagaya da dabino, suka ɗauki ɗaiɗai cikin ladabi, daga baya na ga hannaye na dawowa. Kusa da wurin akwai wata doguwar hasumiyar dutse ta ƙarni na 16, ta zuri'ar Lindsay, babu rufi yanzu. Ƙofarta ba a ƙasa take ba, tana can hawa na ɗaya da ƙyauren ƙarfe, don an gina ta ne saboda ɓarayin shanu da ke gangarowa ta hanyoyin tudu. Na tsaya na dube ta da kyau. Ban yi zaton zan zo har nan in tarar da wannan tsohon ciwo ba. A gefen tuddai kuma ana ganin kufai, tarin duwatsu a jere inda gidaje suke a da, kafin tumaki da farauta su maye gurbin mutane.

Daga nan muka kama hanyar tafkin Loch Lee a ƙafa. Tafiyar masu kallon tsuntsu ba tafiya ba ce. Taku goma, a tsaya. Wani ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga madubin hangen nesa, a kafa babban madubi mai ƙafa uku, a yi layi. A kogi muka ga difa, wani ɗan dunƙulallen tsuntsu mai farin ƙirji, yana tsaye kan dutse yana rusunawa, sai ya faɗa cikin ruwan da ko yatsa ba na so in tsoma, ya yi tafiyarsa a ƙarƙashi yana juya tsakuwa. Shi ɗan gida ne, ba ya zuwa ko'ina, rani da damina.

Kan wata katangar duwatsu jagoran ya saita madubi ya yafito ni. "Zo ka gai da mutumin garinku," in ji shi. Na sa ido. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne tsaye cak, bayansa toka-toka, baƙin layi ya ratsa idonsa, ƙirjinsa ruwan ƙasa mai haske. Da ya tashi sai farin gindinsa ya walƙa. Wallahi na san shi. Shi ne wanda ke tsayawa kan hoge a gonakin da aka girbe lokacin hunturu, yana kaɗa jela, muna yara muna binsa da danƙo. A can tufafinsa sun fi dusashewa, nan kuwa ya sha adon aure. Witiya suke ce masa. Nauyinsa kimanin giram 25 ne, da wannan jiki yake ƙetare Sahara da Bahar Rum, ya iso tuddan nan tun ƙarshen Maris, ya yi sheƙa a ramin zomo ko a kogon katanga. Mu dai mun san idan zafi ya kama ba a ganinsa, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi inda ya tafi ba.

Daga nan baƙin suka yi ta fitowa. A cikin bishiyoyi masu farin ɓawo ga wani mai jar jela yana karkaɗa ta, shi ma a Sahel yake cin hunturu. A bakin tafki ga wani ɗan mai rausaya gindi yana gudu kan tsakuwa, daga gaɓar Afirka ta Yamma. A wani gefen kogi da ruwa ya zaftare, tsattsewar yashi sun haƙa ramuka a jere suna shiga suna fita. A nan ne jagoran ya ba ni labarin da ya sa na daina yi wa ɗan littafinsa kallon abin tsufa.

Tun 1962 wata cibiyar nazarin tsuntsaye mai suna BTO ta tsara ƙidayar tsuntsaye ta shekara-shekara a Birtaniya, kuma ba ma'aikata ke yi ba, 'yan sa-kai ne irin waɗannan dattawa, kowa da yankinsa, kowace shekara ya bi ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji. A 1969 rahotanni suka taru daga ko'ina da magana ɗaya: wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da yake cike da shingayen gonaki, kusan kashi biyu cikin uku nasa bai dawo ba. Tsattsewar yashi ma ta ragu ƙwarai. An duba gida ba a ga dalili ba. Daga baya aka gano dalilin yana kudu da Sahara: damina ta gaza a Sahel a 1968, tsuntsayen ba su sami ƙwarin da za su ci su tara kitsen ƙetare hamada ba. Farin nan shi ne ya ci gaba har ya kai ga na 1973, wanda iyayenmu ba sa son tuna shi, shekarar da shanu suka ƙare, mutane suka baro arewa da ƙafa. Wato tun duniya ba ta san halin da ake ciki ba, alamar abin ta riga ta fito a littafin aljihun wani malamin makaranta a karkarar Ingila. Da fari ya sake dawowa a 1983 da 1984, tsattsewar yashi ta sake faɗuwa. Na yi shiru na ɗan lokaci. Iya ta tambaye ni yadda fadamar Haɗeja da Nguru take yanzu, na ba ta labarin madatsun ruwa na Tiga da Challawa, da kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa. Suka kewaye ni suna saurare, don su ma abin ya shafe su.

Muna cikin haka sai ga murya daga gangaren tudu, sauti biyu, na farko sama na biyu ƙasa, ana ta maimaitawa. Fuskokin dattawan suka washe, wata ta duba agogo, alƙaluma suka fito. Kuku ne. Matsayinsa a wurinsu shi ne matsayin shamuwa a wurinmu: idan ya iso, shekara ta juya. Tun 2011 cibiyar BTO ke maƙala wa wasu kuku na'urar da tauraron ɗan'adam ke bi, aka gano a dazukan Kwango suke cin hunturu. Wasu na bi ta Sifen, wasu ta Italiya, su ratsa Sahara, da yawa su yada zango a Cadi da arewacin Najeriya kafin su ci gaba kudu. Masu bi ta Italiya sun fi tsira, kuma ta nan na Sikotlan suka fi bi. Kuku na ƙaruwa a tuddan nan alhali a Ingila ya ragu sosai. Namijin makonni kaɗan yake yi a nan, kafin Yuni ya ƙare da yawa sun kama hanya.

Halinsa kuwa sai a hankali. Macen ba ta sheƙa. Takan laɓe ta ga inda wani ɗan tsuntsun ciyawa ya yi tasa, ta faki idonsa ta cire ƙwai ɗaya ta sa nata. Ɗan kuku na ƙyanƙyashewa, tun idonsa bai buɗe ba, ya riƙa ɗora sauran ƙwai a gadon bayansa yana turawa waje har ya rage shi kaɗai. Masu sheƙa su yi ta wahalar ciyar da shi har ya ninka su girma. Mun gan su kuwa, ƙanana biyu suna bin kukun da tsiya daga wannan dutse zuwa wancan, sun san abokin gaba. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan bai taɓa ganin gidansu ba, bai san uwa ba bai san uba ba, amma kukan ubansa yake yi, kuma idan lokaci ya yi shi kaɗai zai tashi ya nufi Afirka, ba jagora.

Da hantsi muka juyo muka shiga Glen Mark, muka fara hawa cikin heda, wani gajeren tsiro mai itace da bai wuce gwiwa ba, wanda ya rufe tuddan kaf. A watan Agusta yake fure, yanzu launin ƙasa ne. Daga nesa wurin na kama da dajin Allah da ba mai shi. Da ka matso sai ka ga tudun a yanke yake faci-faci, wani baƙi, wani kore, wani toka. Ƙona shi ake yi da gangan, yanki-yanki, don jar garaus ta sami sabon toho ta ci, ta kuma sami tsohon tsiro ta ɓuya. Ga 'yan faranti a ajiye da tsakuwa mai maganin tsutsar ciki, don tsuntsun ya haɗiya. Ga ramuka a jere da aka kewaye da dutse, inda maharba ke tsayawa. Hatta tumakin da ke yawo a sama suna da aiki na biyu: ana yi musu wanka da magani a sake su su kwashe kaska daga cikin heda. Duk wannan hidima saboda ranar 12 ga Agusta ce, ranar buɗe farauta, lokacin da attajirai ke biyan kuɗi masu yawa a koro musu tsuntsaye su harba. Gandaye ne manya-manya na masu kuɗi. A Sikotlan masu mallaka da ba su kai 500 ba ke riƙe da rabin filayen karkara masu zaman kansu. Abin da ya ba mu damar ratsawa shi ne dokar 2003, wadda ta ba kowa izinin tafiya a ƙafa cikin irin waɗannan filaye muddin bai yi ɓarna ba.

A kan hanya muka haɗu da wani mai kula da gandu a motarsa, da karnuka a baya. Aka gaisa da mutunci, ya ma gaya mana inda ya ga gaggafa da safe. Yana wucewa gardama ta tashi a cikinmu, irin wadda da ji ka san ba yau aka fara ba. Wata tsohuwar nas ta ce a kwarin nan aka tsinci wata gaggafa mai na'ura da ake kira Alma a mace a 2009, guba ta ci, kuma ba ita kaɗai ba ce a tuddan Angus. Shi ya sa a 2024 majalisar Sikotlan ta yi dokar da ta wajabta lasisi kafin a harbi jar garaus, lasisin da za a iya ƙwacewa idan aka sami shaidar kashe tsuntsaye masu farauta. Wani dattijo kuma ya ce ta faɗi gaskiya, amma ta tuna kalyu da lafwin da muka sha kallo da safe: suna nan da yawa ne saboda masu kula da gandu na rage yanyawa da hankaka. A je wuraren da ba a yin haka a ga ko za a ji kukansu. Ni a ganina kowannensu na riƙe da gaskiya, kuma ba wanda zai iya ajiye ta ɗan'uwansa. Abin da ban yarda da shi ba kawai shi ne a ce sai an zuba wa gaggafa guba kafin kalyu ya rayu. Wanda ya iya tsare ƙwai a ƙasa ya iya barin abin da ke sama.

Gaggafar kuwa ta sa mun jira. Sau da yawa wani zai ɗaga hannu, a duba, ya zama wani shaho ne mai faɗin fiffike da ke ko'ina a ƙasar. Sai da muka zauna cin abinci, kowa baki cike, ta ɓullo ta bayan wani tsauni, ba ta ko kaɗa fiffike. Ba sai an gaya maka ba. Faɗin fiffikenta ya haura mita 2, hankakin da ya taso yana tsokanarta ya zama ɗan ɗigo a gefenta. Ta yi da'ira biyu ta haye, ta ɓace. Ƙidayar 2015 ta sami ma'aurata 508 a duk Sikotlan. Wani dattijo da ya ajiye burodinsa kan dutse ya manta da shi sam.

Rijiyar Sarauniya ba ta ɗauke mu lokaci ba. Wani gini ne na dutse mai siffar kambi a kan idon ruwa, inda Sarauniya Victoria da mijinta suka sha ruwa a 1861, sun hayo daga fadarsu ta Balmoral ta tsaunin Mount Keen mai tsayin mita 939. Ruwan yanzu ba ya shawuwa a ido. Na gangara rafi na yi alwala, hannuwana suka mutu don sanyi, na shimfiɗa rigar ruwa na yi azahar. Dattawan suka ba ni wuri ba tare da wani ya ce uffan ba. Ina sallamewa Iya ta nuna mini wani dutse can gefe: maciji ne ya naɗe yana shan hantsi, gajere, da baƙin zane mai karkace-karkace a gadon baya. Dangin kububuwa ne, shi kaɗai ne mai dafi a Birtaniya, kuma rabon da ya kashe mutum tun 1975. Su suna matsawa da kyamara, ni ina ja da baya. Wanda ya tashi inda na tashi ba ya yi wa maciji hoto.

Saura biyu a cikin abin da suka zo nema. Na farko baƙin tsuntsu ne mai farin jinjirin wata a ƙirji, mazaunin duwatsu, wanda ke cin hunturu a tsaunukan Atlas na Maroko. Mun daɗe muna jin kukansa daga wani gangare mai tarin duwatsu kafin wata mai kaifin ido ta tsinto shi. Na biyu shi ne wincat, ɗan ƙarami mai farar gira, yana tsaye a kan wayar shinge. Jagoran ya ce ai wannan a Jos aka fi saninsa, a cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum, wadda ke aiki da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000, kuma malaman Jami'ar St Andrews, nan ƙetaren kogi daga Dundee, na da hannu a aikin. Wata ta ce to ƙila wannan ma daga Jos ya taso. Jagoran ya girgiza kai. Waɗanda aka maƙala wa na'ura a Jos gabashin Turai suka nufa, ba nan ba. Iri ɗaya ne, hanya daban. Na ji daɗin wannan gyara, don da ya bar ta a haka labarin zai fi daɗi, amma bai bari ba.

Da la'asar muka tsaya shan shayi a wani gidan tarihi na kwarin kusa da Tarfside. Aka haɗa tebura, jagoran ya buɗe littafi yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gani ya amsa. A nan aka yi rigima ta ƙarshe. Wani dattijo ya rantse ya ga babbar gaggafar teku mai farar jela can nesa a kan Loch Lee, irin wadda ta ƙare a ƙasar a 1918 aka sake kawo ta daga Norway tun 1975. Ba abin mamaki ba ne a gan ta a nan, amma shi kaɗai ya gani, kuma ƙa'idar ƙungiyar sai mutum biyu. Ya yi bayani, ya zana siffar fiffike a kan takardar goge baki, jagoran ya saurara har ƙarshe ya ce bai musa ba, amma ba za ta shiga ba. Mutumin ya rubuta ta a nasa littafin, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Sauran jerin a daren za a tura wa BTO ta manhajar BirdTrack, da wuri da lokaci da adadi.

Kafin mu shiga mota tsohuwar nas ɗin ta sa kowa ya duba ƙafafunsa da bayan gwiwa, saboda kaskar tuddan nan na ɗauke da cutar Laim. An samu a jikin mutum biyu, har da jagoran, ta cire musu da ɗan ƙarfenta, ta ce duk wanda ya ga jan zobe a fata cikin makonni masu zuwa ya tafi asibiti kada ya tsaya jira. Iya ta miƙo mini makullin mota ta ce idanunta sun gaji, in kai mu Dundee, kuma in kula da 'yan tumaki a kan titi har mu wuce Edzell.